Gubar dalma a naman farauta: cire harsashi ba ya wanke nama

Duk wanda ya saba cin naman daji ya san abin nan. Kana cikin tauna sai ka ji ƙaras, haƙori ya ci karo da wata 'yar ƙwaya mai nauyi. Ka tofo ta a tafin hannu, ka duba, ka ce "au, ashe harsashi ne", ka yar, ka ci gaba da cin abinka. A ganin yawancinmu magana ta ƙare ke nan tunda an fitar da ƙarfen. To binciken da aka yi ta yi a Amurka da Turai tun daga 2007 ya nuna da sauran rina a kaba. Ƙwayar da haƙori ya ji ita ce mai sauƙi. Abin da ya tayar wa likitoci hankali shi ne burbushin da bai kai ƙwayar gero ba, wani ma ya fi ƙura laushi, wanda ke shiga tsoka ya zauna, a dafa shi tare da nama, a haɗiye ba a sani ba.

Yawancin gwaje-gwajen an yi su ne a kan naman barewar da mafarautan Amurka da Turai ke harbewa da manyan bindigogi, don haka daga can za mu faro. Amma dalma dai dalma ce ko a ina take, kuma daga ƙarshe za mu iso kan gada da zabon da ke shigowa tukunyarmu.

Me ya haɗa dalma da harsashi

Dalma, ko darma a bakin wasu, ita ce ƙarfen nan mai ruwan toka, mai nauyi da taushi, wanda ke cikin batirin mota, wanda kuma masunta ke ɗaurawa a bakin raga don ta nitse. Ta fi ruwa nauyi sau 11 da ɗoriya, alhali baƙin ƙarfe bai kai sau 8 ba. Tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 327 ba, wato ko garwashin gawayi ya ishe ta. Ga arha. Shi ya sa tun da aka fara ƙera bindiga, ita ce maƙera suka fi so: 'yar ƙarama ce amma tana tafiya nesa, tana bugu da ƙarfi.

Harsashin farauta iri biyu ne. Akwai na bindigar harbin tsuntsaye da ƙananan dabbobi, wanda ƙwayoyi ne masu yawa a cikin kwanso guda, in an harba su bazu. Akwai kuma na bindigar harbin manyan dabbobi, ƙwaya ɗaya tal, cikinta dalma, an lulluɓe ta da siririyar rigar jan ƙarfe, an bar bakinta a buɗe ko da taushi. Da gangan aka yi shi haka, domin in ya shiga jikin dabba ya buɗe kamar laima, ya yi babban rauni, dabbar ta faɗi nan take ba tare da ta wahala ba.

Matsalar a nan take. Irin wannan harsashi yana fita daga bakin bindiga da gudun mita 800 zuwa 900 a daƙiƙa guda, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Ƙarfe mai taushi da ya daki ƙashi ko tsoka da wannan gudu ba buɗewa kawai yake yi ba, yagewa yake yi, yana tafe yana zubar da jikinsa. In aka ɗauki hoton gawar dabbar da na'urar asibiti mai nuna ƙashi, sai a ga ɗigo-ɗigon fari sun watsu kewaye da hanyar harsashin kamar an yi yayyafi.

Tsuntsaye ne suka fara tona asiri

Kafin a yi maganar mutane, masu kula da tsuntsaye sun daɗe da sanin akwai matsala. A jihar Kalifoniya akwai wata ƙatuwar ungulu da ake kira kondo, wadda in ta buɗe fikafikanta suna kusan mita uku. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya. Zuwa 1987 an kama dukkan waɗanda suka saura aka tsare su don a hayayyafa su, daga baya aka riƙa sakin 'ya'yansu cikin daji. Sai dai ana saki suna mutuwa, kuma babban abin da ke kashe su gubar dalma ce. Daga ina? Daga kayan cikin da mafarauci ke farkewa ya zubar a daji, da gawar dabbar da aka harba ta gudu ta mutu a wani wuri.

Haka aka gani a tsibirin Hokkaido na Japan, inda manyan mikiyoyin teku suka riƙa mutuwa bayan cin ragowar barewa, har hukuma ta hana harbin barewa da harsashin dalma a 2000. A nan Afirka ma, wani bincike da aka fitar a 2018 daga Botswana ya auna jinin ungulaye sama da 500, ya sami kusan kashi 30 cikin ɗari da dalma fiye da ƙima, kuma abin ya fi yawa a lokacin farauta da wuraren farauta.

Tambayar da ta biyo baya ba ta buƙatar dogon nazari. In kayan cikin da aka zubar na kashe ungulu, naman da aka kai gida fa?

Likitan fata da ƙullin nama ɗari

A Amurka ana harbe barewa mai farar wutsiya kimanin miliyan shida a kowace shekara, bisa lasisi da ƙa'ida. Wasu mafarautan naman ya fi ƙarfin gidansu, sai su bayar da shi sadaka. Akwai shirye-shirye a jihohi da dama da ke karɓar gawar barewa, a kai wa mahauta su niƙa, a ƙulla a leda, a raba wa marasa ƙarfi ta cibiyoyin ba da abinci kyauta.

A garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa akwai wani likitan fata, Dakta William Cornatzer. Shi kansa mafarauci ne, mai kiwon shaho kuma, yana cikin shugabannin ƙungiyar Peregrine Fund mai kare tsuntsaye masu farauta. A 2007 ya karɓi ƙulli 100 na niƙaƙƙen naman barewa daga irin waɗannan cibiyoyi, kowane ƙulli kusan rabin kilo, aka saka su a na'urar sikanin asibiti. Guda 59 aka ga burbushin ƙarfe a cikinsu. Da aka kai samfur ɗakin gwaji aka tabbatar dalma ce.

A watan Maris na 2008 ma'aikatar lafiya ta jihar ta umarci cibiyoyin su daina rabon naman, su zubar da wanda ya rage. Maƙwabciyarta Minesota ta bi sahu, ta yi nata gwajin. Abin da ta gano ya nuna inda gizo ke saƙa: kusan rubu'in ƙullin niƙaƙƙen nama na ɗauke da burbushi, amma a yankakken nama wanda ba a niƙa ba, abin bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Dalili kuwa a fili yake. Mahauci yakan ware cinya da gadon baya ya yanka su daban, sannan ya tattara guntattakin da ya rage, har da na kusa da rauni, ya zuba a injin niƙa. Injin kuma ba ya tace komai. Gutsure ɗaya zai farfasa ya raba wa ƙulli goma. Wani lokaci ma naman barewar mutum biyar ake haɗawa a niƙa tare, ka ga wanda ya yi taka-tsantsan da wanda bai yi ba duk kanwar ja ce.

Abin takaici a wannan labari shi ne su wa ke cin naman. Iyalai ne marasa hali, masu ƙananan yara, waɗanda ba su san wa ya harbi dabbar ba balle su tambayi irin harsashin.

Kamu guda daga bakin rauni

Bincike biyu da suka biyo baya su ne har yau aka fi kafa hujja da su.

Na farko hukumar kula da albarkatun daji ta Minesota ce ta yi shi a 2008. Ta yi amfani da gawar tumaki a madadin barewa, aka harbe su da harsasai iri-iri, aka ɗauki hoto. An sami burbushin dalma har nisan santimita 45 daga bakin rauni. Wato kamu guda cur, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. A jikin dabba mai girman tunkiya, kamu guda ai kusan rabin jiki ke nan. Harsasan da aka ƙera don su buɗe da sauri su suka fi ɓarna. Bindigogi masu ƙarancin gudu, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, burbushinsu bai kai haka yawa ba. Harsashin jan ƙarfe zalla kuwa bai bar dalma ba, tunda babu ita a jikinsa.

Wani abu da suka lura da shi ya saɓa wa abin da kowa zai zata. Wanke cikin gawar da ruwa bai raba ta da dalma ba. Ya rage ta a bakin raunin, amma ya kwashe ta ya kai wuraren da da babu.

Na biyun an buga shi a 2009, Grainger Hunt da abokan aikinsa suka yi. An harbe barewa 30 a jihar Wayomin da irin harsashin da mafarauta suka saba amfani da shi. Babu ko ɗaya da hoto bai nuna burbushi a jikinta ba. Mafi ƙaranci gutsure 15, mafi yawa 409, matsakaici 136. Sai aka kai kowace gawa wurin mahauci daban, mahauta 30 ke nan, aka bar su su yi aikinsu yadda suka saba. Da naman ya dawo, barewa 24 cikin 30 an sami burbushi a niƙaƙƙen namansu, kuma cikin ƙulli 234, kashi 32 cikin ɗari na ɗauke da shi.

Saura tambaya guda: in an haɗiye, jiki yana tsotsa ko wucewa take yi ta fita? Don a gane haka aka ba wasu aladu naman, tunda hanjinsu ya yi kama da na mutum wajen narka abinci. Cikin kwana biyu dalmar da ke jininsu ta haura zuwa matsakaicin 2.29, alhali na waɗanda aka ba nama mai tsabta yana wajen 0.63. Ruwan tsamin da ke cikin tumbi yana narkar da ita, kuma iya ƙanƙantar gutsure iya saurin narkewarsa. Daga baya, a 2017, masu bincike a Suwidin suka nuna akwai burbushin da ya yi ƙanƙantar da ko hoton asibiti ba ya kama shi.

Abin da aka gani a jinin mutane

Ana auna dalmar jini ne da mikrogiram a kowace desilita. Mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita. Lambobin da aka ambata na aladu da waɗanda ke tafe duk da wannan ma'auni ne.

A 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da ma'aikatar lafiya ta Dakota ta Arewa sun auna jinin mutum sama da 730. Masu cin naman farauta sun fi waɗanda ba sa ci da kimanin 0.3. Wanda ya ci kwanan nan ya fi wanda ya daɗe bai ci ba. Babu ko mutum ɗaya da ya kai 10, wanda a lokacin shi ne matakin da ake fara damuwa da shi a jinin yara.

Nan fa aka rabu gida biyu. Ƙungiyoyin masu ƙera bindiga da wasu na mafarauta suka ce kun gani, an tayar da hankalin jama'a a banza, an zubar da abincin talakawa, kuma ba a taɓa kawo mutum asibiti an ce naman barewa ne ya kwantar da shi ba. Maganarsu ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Babban mutum da ke cin irin wannan nama sau biyu ko uku a shekara, abin da zai shiga jikinsa kaɗan ne ƙwarai. Amma hujjar "ba a kwantar da kowa ba" tana da rauni, domin ƙaramar gubar dalma ba kwantarwa take yi ba, a ɓoye take aiki. Ita kanta CDC ta sauko da wancan ma'auni na 10 zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa matsayinta shi ne babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ma'aikatar lafiyar Dakota ta Arewa dai ta yanke shawara tun a ƙarshen 2008: mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 6 su ƙaurace wa naman da aka harba da dalma, sauran mutane su rage.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wurin al'ummomin da farauta ce cimarsu ta yau da kullum. A Girinlan an ga cewa iya yawan tsuntsayen teku da mutum ke ci, iya hawan dalmar jininsa. A arewacin Kebek ta Kanada an auna jinin cibiyar jariran Inuwit, aka bi sawun dalmar aka ga ta yi daidai da ta harsashi. Bayan Kanada ta hana harbin tsuntsaye masu ƙaura da dalma a 1999, aka kuma wayar wa mafarauta kai, adadin ya sauka.

Me take yi a jiki

Jikin mutum ba shi da wani amfani da dalma ko ƙanƙani. Abin da ke faruwa shi ne jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya buɗe mata ƙofa. A jini takan yi kamar wata guda kafin rabinta ya ragu, amma wadda ta shige ƙashi da haƙori tana iya yin shekaru gommai. Shi ya sa ake cewa taruwa take yi: ta bara tana nan, ta bana ta zo ta hau kai.

Yaro ƙarami yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga abinci iri ɗaya, ga shi ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa. Abin da ke biyo baya shi ne raguwar kaifin basira, wahalar mai da hankali, jinkirin magana da koyo, kuma ɓarnar da ta riga ta auku ba ta gyaruwa. Yaron da ke da ƙarancin jini ko yake yawan zama da yunwa ya fi saurin tsotsa. Mai ciki kuma nata biyu ne: wadda ta ci yau tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, sannan wadda ta kwanta a ƙashinta tun tana budurwa tana iya tasowa ta dawo jini a lokacin goyon ciki. Ga manya, an danganta ta da hawan jini, ciwon ƙoda da raunin haihuwa.

Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, sakamakon ƙurar duwatsun zinare da ake daka wa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Sai dai kada a haɗa su a ma'auni guda. A Zamfara an sami yaran da jininsu ya haura 100, suna jijjiga suna suma. Ta nama ba ta kai ko kusa ba. Guba ɗaya ce, amma waccan ambaliya ce, wannan kuwa ɗigon rufin ɗaki ne da ba a lura da shi sai bango ya jiƙe. Yaron da ke ɗauke da ita yana wasa, yana cin abinci, ba zazzaɓi ba komai. Gwajin jini kaɗai ke nunawa.

Wuta ba ta kashe ta, tsami yana taimaka mata

Mun saba da cewa in nama ya dahu sosai an tsira. Wannan gaskiya ne ga ƙwayoyin cuta, domin su masu rai ne. Dalma ƙarfe ce. Tafasa, suya, gashi, banda a kan hayaƙi, shanyawa a rana, sakawa a firiza, babu wanda ke rage ta.

Akwai ma girkin da ke ƙara dagula lamarin. A Sifaniya suna da al'adar dafa makwarwa da ruwan khal. Rafael Mateo da abokan aikinsa sun gwada wannan girki a 2007 da kuma 2011, suka ga tsamin yana narkar da dalma daga jikin ƙwayar harsashi ya watsa ta cikin nama da romo, kuma wadda ta narke haka ta fi saurin shiga jiki. Ka ga ko an tsamo ƙwayar bayan an sauke tukunya, ta riga ta bar rabonta a ciki. Khal suka gwada, amma aikin na tsami ne, saboda haka mai girki da tsamiya, lemon tsami, yakuwa ko tumatir mai yawa sai ta yi la'akari.

Inda dokoki suka kwana

Amurka ta hana harbin agwagwin ruwa da ƙwayoyin dalma a faɗin ƙasar tun 1991, amma saboda tsuntsaye aka yi, harsashin barewa bai shiga ciki ba. Kalifoniya ce ta fara hana dalma a kowace irin farauta, dokar ta kammala aiki ranar 1 ga Yulin 2019. Denmak ta hana ƙwayoyin dalma tun 1996, ta kuma haɗa da harsashin manyan bindigogin farauta daga Afrilun 2024. Tarayyar Turai ta hana harbi da ƙwayoyin dalma a fadamu da bakin ruwa daga Fabrairun 2023.

Wani giɓi da ya daɗe yana ba masana mamaki: dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa dalma kada ta wuce miligiram 0.1 a kowane kilo na naman sa, tunkiya ko kaza, amma ba ta sa wa naman farauta iyaka ba, alhali shi ne ake harba wa dalmar kai tsaye. Abin da hukumomin abinci suka yi shi ne ba da shawara. Ta Jamus a 2011 da ta Birtaniya a 2012 duk sun ja kunnen masu ciki, masu neman haihuwa da ƙananan yara. Ta Nowe ta ce a yanke a zubar da nama har santimita 30 kewaye da hanyar harsashi. Ta Suwidin ta ce a cire duk inda ya nuna alamar rauni ko taruwar jini, a ƙara da santimita 10 na lafiyayyen nama.

Maganin da ya fi kowanne shi ne canza harsashin. Na jan ƙarfe zalla yana buɗewa ba tare da ya farfashe ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Jamus da ƙasashen arewacin Turai sun nuna yana kashe dabba yadda ya kamata. Ga tsuntsaye akwai ƙwayoyin baƙin ƙarfe. Ƙorafin mafarauta shi ne tsada, da kuma cewa ba kowace tsohuwar bindiga ke ɗaukarsu ba.

To mu fa a nan?

Da farko a kwantar da hankali kan abu guda. Tsire, balangu, kilishi da naman miya da ake saye wurin mahautanmu a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri ba su cikin wannan magana. Sa da rago da akuya wuƙa ce ke yanka su, ba harsashi ba. Kada wani ya karanta rabi ya je yana ɓata wa masu sana'a kasuwa.

Wanda abin ya shafa shi ne naman daji. Duk direban da ke bin hanyar Ibadan zuwa Ife ko Ore zuwa Benin ya san masu ɗaga gada da gyazbi a bakin titi, haka nan kasuwar Oluwo da ke Epe. Da yawa cikinmu ba sa sayen na bakin titi saboda shakkar yanka, amma akwai wanda ke zuwa daga gida a matsayin tsaraba, bandar zabon daji, fakara, zomo ko barewa, kuma wannan shi ake ci da kwanciyar hankali har a ba yara.

Ba duk naman daji ake harbi ba. Mai yawa tarko ne ke kama shi, wani karnuka da gora. Wanda aka harba kuwa, galibi da bindigar toka ne ko mai cin kwanso, kuma ƙwayoyin da ke cikin kwanson da aka saba sayarwa na dalma ne. Sauƙin da ke nan shi ne waɗannan bindigogi ba su da gudun irin na Amurka, don haka ba sa niƙe dalma kamar su. Wahalar kuma ita ce ƙwayoyin suna da yawa, suna bazuwa ko'ina a jiki, dabbar kuma ƙarama ce. In ka ce za ka yanke kamu guda daga jikin zabo, me ya rage? Binciken da aka yi a Birtaniya kan tsuntsayen farauta ya nuna ƙwayoyin ma suna barin ƙananan burbushi, musamman in sun daki ƙashi, har a jikin tsuntsun da ƙwayar ta ratsa ta fice. In an yi banda kuma nama ya yi baƙi ya ƙanƙance, raunin ma ba ya ganuwa.

Abin da mutum zai iya yi ba shi da wuya. Ka tambayi mai sayarwa ko wanda ya kawo tsarabar, harbi ne ko tarko. In ɗanye ne, a duba inda jini ya taru ko ƙashi ya karye, a yanke da faɗi a zubar, kada a ba kare ko kaji. A lalube ƙwayoyin a cire tun kafin a ɗora tukunya, ba a bakin mai ci ba. Kayan cikin dabbar da aka harba a ciki ko ƙirji a haƙura da su. Kada a yi dambun nama da naman harbi, domin turmi aikin injin niƙa yake yi, zai raba burbushin ga kowa a gidan. Mai ciki, mai shayarwa da yaron da bai kai shekara 6 ba kuwa, a ba su wani naman. Shi babba mai ɗanɗanawa jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne, wanda ya kamata ya sake lissafi shi ne gidan mafarauci da ake ci kowane mako.

Dalilin da ya sa ƙaramin abu irin wannan ya cancanci kulawa a wurinmu shi ne jikin yaranmu ba fanko yake ba, akwai wasu hanyoyin da dalma ke shigowa. Akwai tsohon fenti. Akwai tsofaffin baturan da 'yan gwangwan ke fasawa su dawo gida da ƙurar a tufafinsu, kuma an sha ba da rahoton gurɓatar ƙasa da jinin mazauna Ogijo ta jihar Ogun saboda masana'antun narka batir. Akwai ma kwalli: a 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka sami dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa aka ga kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Duk waɗannan a ƙashi ɗaya suke taruwa.

Wanda ke da shakka kan yaronsa, musamman in gidan ana yawan cin naman harbi ko ana sana'ar batir, sai ya je babban asibiti ya nemi a yi masa gwajin dalmar jini, ya kuma faɗi sunan gwajin da bakinsa, domin ba ya cikin gwajin jinin da aka saba yi in an je da zazzaɓi. Maganin da ke fitar da ita, irin wanda aka ba yaran Zamfara, likita ne kaɗai ke bayarwa, kuma sai adadin ya yi yawa sosai. A ƙasa da haka, abin da likita zai fara tambaya shi ne ta ina take shigowa, don a toshe.